Gwaggo Indo da Filazma Mai Ƙifta Ido

Duk wanda ya taɓa yin sallama a ɗakin Gwaggo Indo, can lungunmu na bayan hasumiyar Gobarau, ya san ba da baki take gaya wa mutum darajarsa ba. Da fanka take gaya masa. Wata tsohuwar fanka ce ta tsaye mai maɓalli uku, wadda mijinta marigayi Malam ya saya tun ba a haife ni ba. Maƙwabciya in ta shigo, lamba ɗaya. Suruki ko baƙon nesa, lamba biyu. Lamba uku kuwa sai malamin da ya zo da addu'a, ko wanda bai daɗe da saukowa daga Makka ba. Ita mai fankar, in ba baƙo, ko garin zai narke maficin kaba take ɗauka.

"Gwaggo, ki kunna mana, dubi yadda kike zufa!"

"Juyinta ƙididdigagge ne, Rabi. Duk juyin da ta yi ya ragu. In na ƙarar da shi bisa kaina, mi zan ba baƙi?"

Ni 'yar ƙanenta ce, a hannunta na tashi, kuma duk zamana a gidan nan fankar ba ta taɓa juyawa domina ba. Sai da aka kai ni ɗakin miji a Kambarawa, na zo gaisuwar farko, na ga ta miƙe ta danna ɗaya. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Na ce, "Gwaggo, ni ce fa." Ta ce, "Na gane ki sarai. Da kin zo da mijinki, da kin samu biyu."

Kun tuna ɗan takarar nan da ya zo neman ƙuri'un matan unguwa? Da ta ga babbar riga, sai ta danna masa uku. Ya ce zai gyara kwatar lungu, ta miƙa hannu ta mayar biyu. Ya ce zai kawo ruwan famfo kowane gida, ta mayar ɗaya. Da ya ce kowace tsohuwa zai yanka mata albashi, sai ta kashe gaba ɗaya ta miƙa masa mafici.

"Ungo, ɗana. Ni ma alkawari na yi ma. Ran da ruwan ya zo, ka dawo ka amshi sauran iskarka."

To, ba don dariya kaɗai na ɗauko zancen nan ba. Raina a ɓace yake. Ranar sadakar uku ina tsugune ina rabon gumba, na ji wata daga cikin dangin nesa, ba zan kama suna ba, ta san kanta, tana cewa, "Ai Allah Ya hutar da ita, da ma ta fara ruɗewa. Ba ita ce aka ce talabijin na mata ƙifce ba?" Ba don gidan makoki ba ne, da ta ji abin da tun da uwarta ta haife ta ba ta ji ba. Ruɗewa! Matar da za ta gaya miki zanen da kika ɗaura ranar sunan ɗanki na fari? Tunda an ji rabin labari ana yawo da shi, bari a ji cikakkensa daga bakin wadda aka yi a gabanta.

Ɗanta, Yaya Bishir da ke aiki a Abuja, shi ya aiko mata da talabijin ɗin, irin shafaffen nan da ake kira filazma. Da yake ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "mutumin Habuja". Ta hana a kafa filazmar a bango, wai ba za a huda mata ginin Malam ba. Aka ɗora bisa tebur, daf da kujerar baƙi, don a ganinta baƙo hira ya zo yi, ba kallo ba. Sannan ta yanka wani tsohon bargo mai kauri ta ɗinka mata riga, gaba da baya har ƙasa. In za ta yi kallo sai ta ɗage gaban kawai, kamar labule.

Ana nan wata rana aka kawo wuta da ƙarfi, filazma ta yi wani "tas" ta mutu. Ni na raka ta Ƙofar Durbi wurin Malam Sabi'u mai gyara. A keke napep muka tafi, ta naɗe ta da zane ta rungume a cinya, tana yi wa mai keken faɗa duk ramin da ya faɗa: "Kai, mara lafiya ka ɗauko, ba buhun gero ba!" Malam Sabi'u ya buɗe baya, ya canja abin da ya ƙone, ya liƙe da dalma, hoto ya dawo tar. Yaya Bishir kuma ya sa aka haɗa mata sola don kada a kuma. Kowa ya ce alhamdu lillahi.

Ba a yi mako ba ta kira ni a waya.

"Rabi, Sabi'u ya ɓata mani filazma. Ƙifta ido take yi."

"Kamar yaya, Gwaggo?"

"Kamar yaya kuma? Haske ya zo ya ɗauke, ya zo ya ɗauke, ɓal-ɓal-ɓal! Malami na cikin tafsiri, sai in gan shi in rasa shi. Ki zo ki gani."

Na tafi. Kun san al'adarta: da ta ji sallama za ta kashe kallo, don ba a gaisawa wani na magana a ka. Ta kashe, ta danna min ɗaya, muka shiga gaisuwa. Ina gajiya, ina maigidan, ina yara, ina surukarki da ƙafa, ya zafi, ya aka ji da tsadar kaya, ya mutanen Kambarawa kaf. Aka kawo ruwa, aka kawo goro. Sai da muka gama tsaf ta ɗauki rimot ta ce, "To zuba ido." Na zuba. Filazma ta kawo hoto garau, ko gezau. Muka zauna har la'asar, ba ta ƙifta ko sau ɗaya ba.

Gwaggo ta harari gilashin ta ce, "Munahika."

Daga nan aka shiga abin da har yau in na tuna sai raina ya sosu. Malam Sabi'u ya ce wayar dish ce, aka canja. Ya ce risiba ce, aka aro ta maƙwabta aka gwada. Ya ce soket ne, aka sa sabo. Ya ce injin sola ne, mai sola ya zo ya yi rantsuwa har da dafa ƙirji cewa nasa lafiya lau, a tambayi mai gyara. Aka rage hasken allon, aka ƙara, aka mayar yadda yake. Duk wanda ya zo, Gwaggo za ta kashe kallo, ta kunna masa fanka gwargwadon darajarsa, a gaisa, a kunna, a ga hoto kamar a taɓa. Da sun fita, kafin a jima wayata za ta yi ƙara: "Ta fara!"

Yaya Bishir ya ce ta ɗauki bidiyon abin ta turo masa. Ta ce, "Wayar da ka saya mani tocila ce kawai a goshinta. In haska mata ido in tambaye ta?"

Da ta gaji, sai ta sake naɗe filazma ta kai shagon Malam Sabi'u, wannan karon da tabarmarta da butarta da kwanon fura. Ta ce ba ta tashi sai ya gani da idonsa. Ya buɗe bayan, ya jona, ya ajiye a kan benci ƙarƙashin fankarsa ta sama. Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa. Duk wanda ya zo da rediyo ko talabijin sai ta ce, "Sannu, bawan Allah. Taka lafiyarta lau ko? To kai ta gida tun tana da sauran numfashi." Malam Sabi'u ya wuni bai karɓi aiki ba. Filazma kuwa tun hantsi har magariba tana zuba hoto, ko ƙyas.

Da yamma ya ja ni gefe, ya rage murya, amma bai rage yadda ya kamata ba.

"Hajiya Rabi, ni fa na yi iyakar yina. Ku dai a duba idon Hajiya. Kin san shekaru."

Daga kan tabarma muka ji: "Kunnena dai ba ka gyara shi ba, Sabi'u, shi ya sa yake ji!"

Maganar nan tasa ita ta ja mana komai, don ta kai Abuja. Yaya Bishir ya ce lallai in kai ta asibitin ido. Likita ya haska, ya leƙa, ya ce akwai 'yar yana da ta fara, irin ta manya, ba abin tayar da hankali ba. Gwaggo ta gyara zama.

"Likita, in tambaye ka. In na dubi kaza, ba ta ƙiftawa. In na dubi bango, ba ya ƙiftawa. Ga ka nan ina dubanka, ba ka ƙiftawa. Wace irin yana ce wagga da ba ta tashi aiki sai an kunna filazma?"

Likita ya yi dariya. Ni ban yi ba, don tambaya ce mai hankali, kuma babu wanda ya amsa ta. Yaya Bishir kalmar "yana" kawai ya ji. Kafin ka ce me, dangi sun ɗauka: ido ya tafi, kai ma ya fara bi. Masu zuwa gaishe ta suka koma yi mata magana da ƙarfi, a hankali, kamar ana lallashin yaro. Wata har ta tambaye ta, "Kin gane ni kuwa?" Gwaggo ta ce, "Na gane ki. Ke ce kika ari tukunyata da azumi kika maido ba murfi."

Sai Yaya Bishir ya yanke hukunci. Tsohuwar da ke ganin abin da babu ba za ta zauna ita kaɗai ba. An gyara mata ɗaki a Abuja, gidan Gobarau kuma za a zuba 'yan haya. Na kira shi na ce, "Yaya, matar nan ba ta taɓa yi mana ƙarya ba, me zai sa ta fara a kan talabijin?" Ya ce, "Rabi, ke kin gani da idonki?" Na ce ban gani ba. Amma na yarda da ita, kuma na gaya masa haka.

Ranar da na kai mata labari ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ta dubi tsakar gida ta ce:

"Rabi, nan aka kawo ni amarya. Ta ƙofar can aka fitar da Malam. In na mutu a Habuja, wa ya san ni? Wa zai wanke ni? Hayar masu wanka za a ɗauko?"

Wata Asabar ce cikin bazara, irin zafin nan da ko ƙadangare ba ya fitowa. Yaya Bishir ya biyo ta Kambarawa ya ɗauke ni, wai in taya haɗa kaya. Na shiga motar ne kawai don kada ta ga ba kowa a bayanta. Muka iso bayan azahar, muka yi sallama. Gwaggo na zaune bakin gado tana kallo. Ta amsa a daƙile. Ba ta kashe filazma ba. Ba ta tashi ba. Fanka na tsaye a kusurwa, ba ta ko dube ta ba.

Yaya Bishir ya zauna a kujerar baƙi cikin shaddarsa da ta sha sitaci, ya gaishe ta, ya saurara. Shi da ya saba da lamba biyu.

"Inna, ba a kunna mana fanka?"

"Yau ba ni da baƙi. 'Yan kwasar kaya gare ni, su kau ba su da iska."

Ya yi murmushin yaƙe ya miƙa hannu wajen maɓalli.

"Taɓa ta ka gani."

Ya janye hannunsa. Ya shiga lallashi: akwai likitoci a can, akwai jikoki, akwai na'urar sanyaya ɗaki. Gwaggo na kaɗa mafici, ita kaɗai. Ni kuma ina durƙushe gaban akwatinta ina ninke zannuwa ina cusawa a jaka, ina yi ina haɗiye kuka. Ɗakin ya zama tanda. Zufa ta jiƙa wa Yaya hula, ta gangaro ta wuya, shadda ta manne masa a baya. Ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Allah Ya sani ban tausaya masa ba.

Ina cikin ninke wani mayafi na ga haske na wasa a jikin bango. Na ɗaga kai. Fuskar mai karanta labarai ta ɗauke, ta dawo, ta ɗauke, ta dawo. Ɓal-ɓal-ɓal!

"Yaya! Yaya, juya!"

Ya juya. Ya miƙe tsaye, baki buɗe. Filazma kuwa kamar jira take, ta dage sai ƙiftawa take yi ba ƙaƙƙautawa.

Na zaci Gwaggo za ta yi guɗa. Ina! Ko mafici ba ta ajiye ba. Ta dube ni da tausayi ta ce, "Mi kika gani, Rabi?"

"Gwaggo, tana ƙiftawa!"

"Assha. Idonki ne. A kai ki Habuja." Ta waiwayi ɗanta. "Kai ma ka gani? Oh ni Indo! Ciwon ido ya shigo mana dangi."

Nan take na kira Malam Sabi'u na ce ko me yake yi ya ajiye. Ya iso a kan babur, ya yi sallama, ya shigo, ya tsaya turus. Ya ce, "La ilaha illallahu! Ashe da gaske ne." Gwaggo ta ce, "A'a, wasa nike, don in riƙa ganin kyakkyawar fuskarka." Amma hali ba ya barin mai shi. Ta dube shi yana tsiyayar da zufa, ta yi tsaki, ta miƙe.

"Shi dai baƙo ne, ko da ya ce na makance."

Ta danna masa ɗaya. Fanka ta fara waige, tana hura kujerar baƙi, tana ɗaga gefen rigar filazma. Muna tsaye ana ta mayar da zance, sai ƙiftawar ta fara ja da baya. Ta ragu, ta ragu, can sai hoto ya tsaya cak. Dukkanmu muka juya muka dubi fanka. Malam Sabi'u ya roƙi arziki a kashe fankar. Aka kashe, aka jira, abu ya dawo. Ya zura hannu ƙarƙashin bargon ya fizge da sauri yana yarfewa.

"Hajiya, wannan rigar fa? Ni ban taɓa ganinta ba!"

"Yo in za ka zo ai tuɓe mata nike. Kai in ka je wurin likita da babbar riga ake duba ka?"

Ya share goshi ya yi bayani, murya ƙasa-ƙasa. Bargon ya toshe ramukan da take shan iska ta baya. Shi kuma wurin da ya liƙe da dalma bai kama sosai ba, da ya ɗau zafi sai ya saki, haske ya riƙa yankewa. In baƙo ya zo, kafin a gama gaisuwa ta huce, fanka kuma ta hana ta sake ɗaukar zafi. Wato duk wanda ya zo ganin laifin, karamcin Gwaggo ne ke ɓoye masa shi.

"To," in ji Gwaggo. "Rabin laihi naka, rabi na riga. Idona nawa ya samu?"

"Babu, Hajiya."

"Kaina hwa?"

"Babu ko kaɗan, Hajiya."

"Ɗaga murya. Mutumin Habuja bai ji ba."

Ya ji. Ƙato da shi, Alhaji guda, ya zube gwiwa biyu a kan leda ya ce, "Inna, ki yafe mani." Ta bar shi a nan har sai da ta ga ya ishe shi, sannan ta nuna jakunkuna da mafici. Ta hana ni taɓawa. Shi da hannunsa ya fito da zannuwan nan ɗaya bayan ɗaya ya mayar akwati, tana gyara masa: "Ba nan yake ba. Na Makka a ƙasa, na biki a sama. Ka ga ruɗaɗɗiya ta fi ka sanin wurin kayanta."

Malam Sabi'u ya ce a ba shi filazmar yanzu-yanzu, kafin magariba ya sake liƙewa, kyauta. Gwaggo ta tare gaban tebur.

"Wallahi ba ka taɓa ta! Duk garin nan ita kaɗai ta tsaya mani shaida, ita ma sai da ta ga an ɗaure kaya. In ka gyara ta, gobe wani ya ce ƙarya nike, wa zan nuna mashi?"

Haka ta bar ta har ƙarshen rayuwarta. Ku da kuka riƙa zuwa kuna ganin hoto garau kuna komawa kuna gulma, yanzu kun san dalili: karrama ku aka yi.

Ba ta je Abuja ba, ko da ziyara. Ta ƙara shekaru masu albarka a ɗakinta, tana faɗa da mai ruwa, tana raba wa yaran lungu goriba, tana gyara wa ladan lokacin kiran salla ta kan katanga. Ciwon ajalinta bai daɗe ba. Da safe ne, ina riƙe da hannunta, maƙwabtanta mata biyu na tun amarci suna gefen gado suna karanta mata kalmar shahada tana amsawa. Su suka wanke ta. Kafin a gama, gidan ya cika har zaure, lungu ya toshe, mata na ta shigowa, wasu ban taɓa ganinsu ba, kowace da abin da Gwaggo ta taɓa yi mata a ɓoye. Masu babur suka ajiye baburansu suka bi sahu.

Da aka dawo daga maƙabarta na tarar da Yaya Bishir a zaure shi kaɗai, ƙafafunsa duk ƙasa. Ya dubi taron nan da ya ƙi watsewa, ya ce, "Rabi, da na tafi da ita..." Bai iya ƙarasawa ba, ni ma ban taya shi ba. Muka zauna muka yi kukanmu.

Allah Ya jiƙanki, Gwaggo. Ya yafe miki kurakuranki, Ya karɓi baƙuncinki, Ya sada ki da Malam a gidan da ba mai cewa ki tashi. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani a cikin waɗanda suka san mu. Amin.